Direban katin hoto a tsarin Linux

Direban katin hoto manhaja ce da ke shiga tsakanin tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Linux, da katin da ke fitar da hoto a allo. Idan babu shi, ko aka saka wanda bai dace ba, hoto yakan yi ta tsinkewa, wasanni su ƙi tafiya, wani lokacin ma allon ya yi baƙi ƙirin bayan an kunna na'ura. A Linux direban kashi biyu ne: wani yana zaune a cikin kanel, wato zuciyar tsarin, ɗayan kuma yana waje, shi ke kula da OpenGL da Vulkan, hanyoyin da manhajoji da wasanni ke bi su sa katin ya zana hoto. Na wajen galibi daga Mesa yake fitowa, aikin da Brian Paul ya fara a 1993.

Mai katin Intel ko AMD kusan ba shi da wani aiki. Direbobinsu a buɗe suke kuma suna zuwa tare da kanel. Na AMD mai suna amdgpu ya shiga Linux 4.2 a 2015. Sai dai in katin sabo ne fil, ana bukatar kanel da Mesa na baya-bayan nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne katin NVIDIA. Shekara da shekaru kamfanin ya riƙe direbansa a rufe, abin da ya sa Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya fito fili ya soki kamfanin a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finlan a 2012. Masu sa-kai sun ƙera nasu direban, nouveau, ta hanyar bin diddigin yadda katin ke aiki. Ƙoƙari ne abin yabo, amma a katuna da dama bai kai na kamfanin sauri ba. A Mayun 2022 NVIDIA ta buɗe ɓangaren kanel na direbanta ga katunanta masu ƙirar Turing da waɗanda suka biyo baya, kuma daga jerin direbobi masu lamba 560 a 2024 buɗaɗɗen ɓangaren ne zaɓin farko. Ɓangaren waje kam har yanzu a rufe yake.

Tushen yawancin matsalolin ɗaya ne: direban NVIDIA ba ya zuwa tare da kanel, don haka duk lokacin da aka sabunta kanel sai an sake gina direban. Manhajar DKMS ke yin wannan aikin a Debian, akmods kuma a Fedora; Debian da Fedora, kamar Ubuntu, nau'o'in Linux ne. Saboda haka hanya mafi aminci ita ce a ɗauko shi daga rumbun manhajojin tsarin da ake amfani da shi. Da farko a buga lspci a tagar umarni don a san katin da ke ciki. A Ubuntu sai a buga sudo ubuntu-drivers install. A Debian ƙunshin nvidia-driver yana sashen non-free, na manhajojin da ba a buɗe suke ba. A Fedora kuwa akmod-nvidia yana rumbun RPM Fusion. Akwai fayil mai ƙarewa da .run a shafin kamfanin, amma yakan rubuta a kan fayilolin da tsarin ke kula da su, sai rikicin ya bayyana a sabuntawa ta gaba. Bai kamata sabon shiga ya fara da shi ba.

Wani tarkon shi ne Secure Boot, tsarin tsaro da ke tantance manhajojin da ke tashi idan an kunna na'ura. Idan yana kunne, kanel ba ya karɓar direban da ba a sa wa hannu da mabuɗin dijital da na'urar ta amince da shi ba. Idan tsarin ya ƙirƙiri sabon mabuɗi, za a nemi kalmar sirri lokacin girkawa, sannan da aka sake kunna na'ura shuɗin allo zai fito ɗauke da zaɓin Enroll MOK, wato yi wa mabuɗin rajista. Mutane da yawa sukan tsallake shi cikin gaggawa, direban ya ƙi tashi alhali an girka shi daidai. Ana tabbatar da aikin ya kammala da umarnin nvidia-smi, wanda ke nuna sunan katin, lambar direban, zafin katin da yawan ma'adanar da ake amfani da ita.