Sulhu da rabuwar aure a ƙasar Hausa

Sulhun aure shi ne ƙoƙarin da dangi, malamai ko alƙali suke yi na gyara tsakanin miji da mata kafin igiyar aure ta tsinke. A ƙasar Hausa, inda yawancin aure ake ɗaura shi bisa mazhabar Malikiyya, shawarar a ci gaba da zama ko a rabu ba ta ma'auratan ce su kaɗai ba. Takan bi ta hannun iyaye da waliyyai, wani lokaci har mai unguwa da liman. Tsakanin saɓani da mutuwar aure akwai matakai da al'ada da shari'a suka shimfiɗa, kuma kusan kowannensu aikinsa ɗaya ne: ya ba mutane lokaci su huce kafin su yanke hukunci.

Yaji da biko

Matakin farko na al'ada shi ne yaji. Mace ta ɗauki mayafinta da goyonta ta tafi gidan iyayenta ko na wani babba a dangi, ba tare da an sake ta ba. Yaji hanya ce ta kai ƙara: abin da ta yi ta haƙuri da shi a ɗaki, yanzu ya fito gaban manya. Miji kuma sai ya yi biko, ko dai da kansa ko ya tura wansa, kawunsa ko amininsa. A nan ake jin ta bakin kowa. Uba yakan fara da faɗa wa 'yarsa, ko da ita ce mai gaskiya, don kada a ce ya ɗaure mata gindi, sannan ya juya ga surukin: "Malam, amana muka ba ka. In abinci ne ya gagara, ka faɗa mana." Sau da yawa ana rufe zaman da cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, a mayar da ita ɗakinta da dare.

Raunin wannan tsari shi ne nauyin haƙuri yakan fi karkata kan mace. Akwai wadda ake mayarwa sau uku, sau huɗu, alhali abin da ya fito da ita, duka ne ko yunwa, ba a taɓa shi ba.

Masu sulhu biyu

Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i aya ta 35, ya yi umarni cewa idan aka ji tsoron ɓaraka, a tayar da mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Malikiyya sun ba waɗannan mutum biyu ƙarfi fiye da na masu ba da baki kawai: idan suka bincika suka ga zaman ba zai gyaru ba, suna iya raba auren, hukuncinsu kuma ya zartu ko da miji bai so ba.

Igiya uku

Hausawa na cewa aure igiya uku ne, daga aya ta 229 da ta 230 na Suratul Baƙara. Sakin sunna shi ne saki ɗaya, cikin tsarkin da miji bai kusanci matar ba. Daga nan sai idda: tsarki uku ga mai haila, wata uku ga wadda ba ta yi, mai ciki kuwa sai ta haihu. Cikin wannan lokaci ci da sha da wurin kwana suna kan miji, kuma yana iya yin kome, wato ya mayar da ita, ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar daga gidanta, domin mai yiwuwa zukata su sauko.

A aikace wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Da an miƙa takarda, sai mace ta kama hanyar gidansu, kafin kwana biyu an turo mota kwasar gado da kwanuka. Idan kuma miji ya furta saki uku a baki ɗaya, mazhabobi huɗu sun ɗauke shi uku ne, ko da yake wasu malamai suna bin fatawar Ibn Taimiyya cewa ɗaya ne. Daga irin wannan gaggawa ne ake faɗawa auren kisan wuta, wato a samo wanda zai auri matar na ɗan lokaci don ta halatta ga na farko, abin da Malikiyya ba su yarda ya halatta ta ba. Akwai kuma maganganu masu harshen damo, irin su "je ki gida sai na neme ki", waɗanda alƙali sai ya tambayi miji niyyarsa kafin ya san saki ne ko kora ta fushi.

Idan mace ce ke son fita

Hanya ta farko ita ce hul'i: ta fanshi kanta, yawanci da mayar da sadaki. Asalinsa hadisin matar Sabit ɗan Ƙais ne, wadda Annabi (SAW) ya umarta ta mayar wa mijinta gonar da ya ba ta. Bayan hul'i miji ba ya iya mayar da ita sai da sabon aure. Hanya ta biyu ita ce alƙali ya raba auren saboda cutarwa, rashin ciyarwa, doguwar tafiyar miji, ko rantsuwar ƙaurace mata da ta wuce wata huɗu. Wadda ta tabbatar da cutarwa ba a ɗora mata biyan komai. Littattafan da alƙalai ke dubawa a nan sun haɗa da Risala, Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam.

Zaman 'ya'ya

Abin da ya fi riƙe mata a auren da ya riga ya mutu a zuci shi ne 'ya'ya, har Hausa ta ba shi suna, zaman 'ya'ya. A al'ada uba yakan karɓe yaro da zarar an yaye shi, ya tashi a hannun kishiyar uwa. Malikiyya kuwa sun bar wa uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa na kan uba. Idan uwar ta yi wani aure, riƙon yakan koma ga kakar yara ta wajen uwa. Mata da yawa ba sa neman wannan haƙƙi, ko don rashin sani, ko don kunyar a ce sun kai uban 'ya'yansu kotu.

Hukumomi

Bayan dawo da shari'a a jihohin Arewa, wadda Zamfara ta fara a 1999, Kano ta kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, sasanta ma'aurata kuma ya zama cikin manyan ayyukanta. A 2012 gwamnatin Kano ta fara auren zawarawa, a 2017 kuma Sarki Muhammadu Sanusi na II ya yi kira da a yi dokar iyali da za ta tsara aure, ƙarin aure da saki. Auren rajista, wanda Hausawa Kirista da dama ke yi, dokarsa daban ce: a ƙarƙashin dokar Nijeriya ta 1970 babbar kotu ce kaɗai ke raba shi, bayan ta duba yiwuwar sulhu, kuma a mafi yawan lokuta ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu.