Neman gurbin karatun likitan dabbobi: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk shekara idan lokacin jiran sakamako ya zo, wayata ba ta hutawa. Masu tambayar suna canzawa, tambayoyin kuwa suna nan yadda suke. Na tara su a nan wuri guda, wanda duk ya sake turo min ɗaya daga ciki, wannan rubutun zan mayar masa. Ni likitan dabbobi ne, na daɗe ina duba wa ɗalibai takardunsu kafin su miƙa, amma ba ni da kujera a kwamitin ɗaukar ɗalibai na kowace makaranta. Kada wanda ya ce in sa masa baki.

Dakta, sati shida ke nan da na yi intabiyu, har yau shiru. An ƙi ni ne?

A'a. Wanda aka ƙi, ana rubuto masa a ce an ƙi shi. Makarantu da yawa kashi-kashi suke sakin sakamako, wasu kuma sai sun gama ganawa da mutum na ƙarshe sannan su zauna. Ki riƙa duba shafinki na makarantar sau ɗaya a rana, ki leƙa akwatin da imel yake jefa saƙonnin banza. Na san wata ɗaliba da ta shafe kwana tara tana kuka, idanu sun kumbura, ashe wasiƙar ba ta gurbi tana can kwance tsakanin tallace-tallace. Sau ɗaya na ce, 'yata. Tashi ƙarfe biyun dare kina danna waya ba ya sa kwamiti ya zauna.

Shekara nawa ake yi?

Ya danganta da ƙasa. A Amurka da Kanada galibi shekara 4 ne, amma sai bayan ka yi karatun jami'a ka ci darussan da aka gindaya. A Birtaniya 5 ne daga sakandare, a Jami'ar Kambirij kuwa 6. A Najeriya 6 ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Wannan yana rubuce a shafin farko na kowace makaranta. Wanda ba zai iya karanta shafin farko ba, ban san yadda zai yi da littafin sanin ƙirar jiki ba.

Ina son dabbobi tun ina yaro. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba. Kowa ma abin da yake rubutawa ke nan, masu karantawa sun gaji da labarin kyanwar da ka tsinta kana ɗan shekara bakwai. Abin da suke nema shi ne shaidar cewa ka ga aikin da idonka kuma ba ka gudu ba.

Wani saurayi ya taɓa bina duba saniyar da mahaifa ta ƙi faɗo mata kwana uku bayan haihuwa. A hanya sai zuba yake yi game da yadda dabbobi suke burge shi. Da na zura safar nan mai kaiwa kafaɗa, wari ya bugo, sai na waiwaya na gan shi ya jingina da bango ya yi tsamo-tsamo da gumi. Ban ga laifinsa ba, kowa da ranarsa ta farko. Abin da ya sa na rubuta masa takardar shaida daga baya shi ne washegari ya dawo, kuma shi ya riƙe wutsiya.

Ka nemi asibitin dabbobi, gonar kiwo, mayanka, ɗakin gwaje-gwaje, ka je ka tsaya. Ka riƙe ɗan littafi: rana, wuri, awa nawa, sunan likitan, me ka gani. Takardar neman gurbi ta Amurka tana tambayar awannin nan dalla-dalla, makarantun Birtaniya ma suna tambayar inda ka yi aikin sanin makama. Kuma ka sani rabin aikin da mutane ake yinsa. Dabba ba ta kawo kanta asibiti, ba ta biya, ba ta musu. Mai ita ne yake yin duka ukun.

Makina ya fi na abokina, shi an ɗauke shi, ni shiru.

Maki ƙofa kawai yake buɗewa. Bayansa akwai intabiyu, takardun shaida, gogewa, akwai kuma kason da makarantun gwamnati suke ware wa 'yan yankinsu, kamar yadda jami'o'in jihohin Amurka suke fifita mazauna jihar. Ka taya shi murna, ka daina lissafi da makin wani.

Makaranta ɗaya ta ba ni gurbi ta ce in biya kuɗin kafin alƙalami. Wadda nake so kuma ta sa ni a jerin masu jiran tsammani. In karɓa ko in jira?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da amsa guda da za ta dace da kowa.

Da farko ka san tsarin da kake ciki, domin kalmar "na karɓa" nauyinta ba ɗaya ba ne a ko'ina. A Amurka, makarantun da ke ƙarƙashin AAVMC, wato ƙungiyar makarantun likitan dabbobi, sun yi yarjejeniya ba za su tilasta wa ɗalibi ya yanke shawara kafin 15 ga Afrilu ba. Shi ya sa jerin jiran yake fara motsi sosai bayan wannan ranar, lokacin da masu riƙe da gurbi biyu ko uku suka saki sauran. A can galibi kana iya karɓar gurbin da ke hannu, ka bar sunanka a jerin ɗaya makarantar, idan sun kira ka sai ka janye daga ta farko ka yi asarar kuɗin da ka ajiye. Na ce galibi. Ka karanta wasiƙar da aka aiko maka layi-layi, domin wata makarantar tana da sharaɗinta. A Birtaniya kuwa ta UCAS ake bi, wato hukumar da ake neman shiga jami'a ta hannunta: idan amsoshi suka kammala, ka zaɓi ɗaya a matsayin ta dindindin, ɗaya ta ko-ta-kwana, sauran ka sake su. A Najeriya, da zarar ka danna karɓa a manhajar CAPS ta JAMB, ka fita daga layin sauran makarantu ke nan. Wanda ya ɗauki shawarar da aka ba ɗan Amurka ya yi aiki da ita a Najeriya, zai ji jiki.

Sai ka tambayi makarantar da kake jira abu biyu, cikin ladabi, a wasiƙa ɗaya: jerin nasu yana da lamba ne, in haka ne kai na nawa ne, kuma bara har ina aka kai? Wasu za su faɗa, wasu ba za su faɗa ba. Ko sun faɗa, kada ka ɗauki lissafin bara kamar alkawari. Wata shekarar jerin yana tafiya da nisa, wata shekarar kusan ba ya motsi, kuma su kansu ba su san yadda za ta kaya ba sai ɗalibai sun amsa. Akan kira mutum saura kwanaki a fara karatu. Idan hakan ta faru da kai, kana da kuɗin tashi? Ka riga ka kama ɗaki a wancan garin ka sa hannu a yarjejeniyar shekara? Waɗannan su ne abin lissafi, ba kyan ginin makaranta ba.

Ra'ayina, in ka matsa: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Idan makarantar da ta ba ka gurbi tana da amincewar hukumar da ke ba da lasisi a ƙasar da kake son yin aiki, kuma za ka iya ɗaukar nauyin karatun har ƙarshe, ka karɓa. Saniya ba ta tambayar likita inda ya yi karatu. Amma akwai inda zan ce ka dakata. Idan kuɗin makarantar da ke hannu ya ninka na wadda kake jira, bashin zai bi ka shekaru masu yawa, kuma albashin likitan dabbobi bai kai na likitan mutane ba a mafi yawan ƙasashe. Idan shaidar makarantar ba ta karɓuwa a inda za ka zauna, wannan ba gurbi ba ne, tarko ne. Idan kuma akwai mara lafiya da kake jinya, ko iyali da ba za su iya tashi ba, jiran shekara guda ba hauka ba ne. Kai ka san gidanku, ni ban sani ba.

Abu ɗaya dai kada ka yi: ka bar wa'adin karɓa ya wuce kana jiran gawon shanu, a tashi ba wan ba ƙanen. Kuma ranar da ka tsayar da shawara, ka saki gurbin da ba ka so nan take. Akwai wani can yana danna waya ƙarfe biyun dare saboda kujerar da ka danne.

Yaushe ake rufe karɓar takardu?

VMCAS, wato takardar neman gurbi ta Amurka, a tsakiyar Satumba. UCAS ranar 15 ga Oktoba, kuma makarantun likitan dabbobi huɗu kacal za ka iya zaɓa, zaɓi na biyar sai dai wani fanni. Sauran ƙasashe ka duba da kanka. Kada ka bari sai daren ƙarshe, intanet ta san ranar da take yankewa.

Kawuna babban mutum ne, zai iya rubuta min takardar shaida?

Ya taɓa ganin ka riƙe ɗan maraƙi? In bai taɓa ba, ka bar kawu ya huta. VMCAS tana neman aƙalla takardu uku, kuma yawancin makarantu suna son ɗaya ta fito daga likitan dabbobi da ka yi aiki a gabansa. Ka roƙe shi da wuri, ba saura kwana biyu ba. Mu ma muna da aiki.

Ban samu likitancin mutane ba, shi ne nake so in gwada na dabbobi.

Wannan maganar tana ɓata min rai, amma bari in amsa. Likitan mutane halitta ɗaya yake karanta. Kai za ka karanta doki da ba ya amai, saniya mai ciki kashi huɗu, kaza, kare, kyanwar da ƙwayar farasitamol take iya kashewa. Makarantar farko ta wannan fanni an kafa ta ne a Liyon ta Faransa a 1761, zamanin da annobar shanu take ɓarna a Turai, kuma sai a 2011 aka shelanta kawar da wannan annoba, wato cutar bushiya, daga duniya. Ciwon haukan kare, tarin fuka na shanu, murar tsuntsaye, duk lafiyar mutane ce ake tsarewa tun daga garke. Idan ka shigo da niyyar zaman jiran canjin fanni, a intabiyu za a gane ka kafin ka gama zama. Akwai waɗanda suka shigo ta wannan ƙofar suka zama gwanaye, ban musa ba, amma sun daina kallon baya ne tun shekarar farko.

Babana zai iya kiran ofishin ɗaukar ɗalibai ya ji inda aka kwana?

Kada ya kira. Ke kika nema, ke za ki rubuta, sau ɗaya, gajere. Idan kina da sabon abu, kamar sakamakon jarrabawa ko ƙarin awannin aiki, ki fara tambaya ko suna karɓar ƙari, domin wasu sun hana.

An ƙi ni. Shi ke nan?

Ba shi ke nan ba, ɗana. Gurabe kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma cikin abokan aikina akwai waɗanda sai a karo na biyu ko na uku suka shiga. Ka yi baƙin cikinka sati guda, halal ne. Bayan nan ka rubuta wa makarantar ka tambaya ko suna duba takardun wanda bai samu ba su nuna masa inda ya gaza, wasu suna yi. Idan kimiyyar sinadarai ce ta kayar da kai, ita za ka sake. Idan intabiyu ne, musamman irin mai tasha-tasha da ake ba ka 'yan mintoci a kowane ɗaki, ka sami wanda zai riƙa yi maka tambaya da agogo a hannu. Abin da ba na so shi ne ka kwashe takardun bara yadda suke ka sake turawa kana fatan sa'a.

Dakta, ko za ka rubuta min bayanin kaina, in ya so in sa sunana?

A'a. Rubuta ka kawo, zan sa jan biro.