Waiwaye: Kashi 25 na Abuja da lissafin Kano na 1979

Har yau in aka tayar da zancen zaɓen 2023 a majalisar mai shayi, sai an samu mai cewa "ai Tinubu bai ci Abuja ba". Kotun Ƙoli ta rufe shari'ar a 26 ga Oktoba 2023, ta ce ba dole ba ne ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi 25 a Abuja. Amma gardamar ta girmi yawancin masu yin ta.

Bayan yaƙin basasa aka kawo sharaɗin: yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da rubu'in ƙuri'u a biyu cikin uku na jihohi. Jarrabawar farko ta zo a 1979. Jihohi 19 ne, kuma 19 ba ta rabuwa uku. Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano, gidan Malam Aminu Kano, ya tsaya a kashi 19.94. Lauyansa Richard Akinjide ya ce biyu cikin ukun 19 shi ne 12 da sulusi biyu, don haka a auna shi da sulusi biyun ƙuri'un Kano kawai. Kotun Ƙoli ta yarda, Mai Shari'a Kayode Eso ya ƙi.

Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne abin da ya biyo baya. Jihohi sun koma 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Ko da gangan ne ko dace aka yi, duk suna rabuwa uku ba saura. Biyu cikin ukun 36 shi ne 24 cif, ba sai an yanka wata jiha kamar kabewa ba.

Sai tsarin mulkin 1999 ya zo da sashe na 134(2), wanda bayan ya ambaci jihohi ya ƙara da cewa "da Babban Birnin Tarayya, Abuja". Wannan ɗan "da" shi ya dawo da hannun agogo baya. In ana nufin Abuja sharaɗi ce ta daban, to mazauna Gwagwalada da Kuje sun fi mutanen Katsina ko Enugu nauyi ke nan. In kuwa ana nufin a lissafa ta cikin jihohi, kamar yadda sashe na 299 ya ce a ɗauke ta tamkar jiha, adadin ya zama 37, kuma biyu cikin ukunsa 24 ne da sulusi biyu. Ɓurɓushin nan na 1979 ya sake leƙowa ta taga.

Shekara 24 kalmar tana kwance ba ta tayar da ƙura irin wannan ba, don waɗanda suka yi ta cin zaɓe suna samun kasonsu a Abuja. Alƙalai sun sha suka a 2023, amma ni a ganina jimlar da aka miƙa musu ce mai fuska biyu. An yi wa kundin gyare-gyare tun daga 2010, "da" ɗin kuwa yana nan inda yake.