Awon hannun yaro: aikin uwa ne tun daga gida

Iyaye mata na Adar, da ku kakanni, ku ba ni aron kunnuwanku. Kowace shekara, daga Yuni har zuwa girbin hatsi, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro ya taso, yaran da tamowa ta kama suna cika mana likita. Abin da ke ci mini rai shi ne a makare ake kawo yawancinsu. An ce haƙori ne, an ce iska ce, an jiƙa saiwa an ɗura, sai da yaro ya daina kama nono aka ɗauko shi a amalanke.

Shi ya sa muke raba muku ƴar igiyar nan mai launi uku, don yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Ki saki hannunsa na hagu ya sauka, ki zagaya igiyar a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, kada ki matse, kada ki bar ta sako-sako. In ta nuna tsanwa, alhamdu lillahi. Ruwan ɗorawa kuwa yaro ya fara ramewa, ki je a duba shi cikin satin. Ja yana nufin damtsen bai kai milimita 115 ba, ranar nan za ki tafi CSI, wato ƙaramar likita ta yankinku. Ki kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku. In rami ya zauna, kumburin tamowa ne, ko da yaron ya yi bulɓul a ido. Na ga kaka tana murna jikanta ya yi ƙiba, na danna ƙafar a gabanta, ta yi shiru, ta ɗauko mayafi muka tafi.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta mayar da duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Mai tamowa da ke iya ci, Plumpy'Nut, wato abincin magani na gyaɗa da ke cikin leda, ake ba shi ya sha a gida, uwa tana dawowa awo kowane sati. Wanda ya ƙi ci ko ciwo ya kwantar, CRENI, sashen likita na masu tamowa mai tsanani, ake tura shi a kwantar da shi. Don Allah, ledar nan magani ce da aka ƙidaya gwargwadon nauyin yaron. Na san da wuya yayyensa su zuba ido uwa ta hana su, amma in an raba, ba zai murmure ba.

Jariri kuwa nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi, kuma a ba shi dakashi, kada a zubar. Daga nan a zuba garin ƙuli-ƙuli ko na wake a kunu, da garin zogale.

Magidanta masu tafiya biɗa Abijan ko Libiya, kafin ku hau mota ku faɗa a gaban iyayenku cewa matarku na da izinin kai yaro likita duk ranar da igiya ta nuna ja, ba sai an jira wayarku ba.