Dabarun Amfani da Makirufo ga Mawaƙa

Dabarun amfani da makirufo su ne hanyoyin da mawaƙi ke bi wajen daidaita tazara, karkata da riƙo domin muryarsa ta fita yadda yake so. Sun samu muhimmanci ne daga 1925, lokacin da kamfanonin faifai suka koma ɗaukar sauti da lantarki. A da sai mai babbar murya ke iya cika zaure. Daga baya mawaƙa irin su Bing Crosby a Amurka suka yi suna da rerawa a tausashe, kamar masu raɗa a kunne.

Tazara ce ginshiƙin abin. Duk sanda nisan baki da makirufo ya ninka, ƙarfin sautin yakan ragu da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Shi ya sa gwani ke ɗan janye makirufo in zai ɗaga murya, ya matso da shi in ya zo baiti mai sanyi. Kusancin yana da wani tasirin kuma: makirufo mai sauraron gefe guda yakan ƙara wa murya kauri idan leɓe ya matso sosai. Kaɗan daga wannan kaurin yana da daɗi, amma in ya yi yawa sai kalmomi su dushe, kuma asara ce babba a rera baiti mai ma'ana a kasa jin sa.

A kan dandamali an fi amfani da nau'in makirufon da ake kira dainamik saboda juriyarsa, kamar Shure SM58 da ya fito a 1966. A situdiyo kuwa nau'in da ake kira kwandensa aka fi so. Yawancinsa na buƙatar wutar bolt 48, yana kama ko da sautin numfashi, don haka mawaƙi kan tsaya kimanin santimita 15 zuwa 20 daga gare shi, da 'yar raga a tsakani. Ragar tana tare iskar da ke fita da haruffa irin su "b" da "f". In babu ita, a ɗan karkatar da makirufo daga saitin baki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dunƙule kan makirufo da tafin hannu. Hakan yana toshe kafofin da ke hana shi ɗaukar sautin baya, sai murya ta shaƙe, lasifika kuma ta ɓarke da ƙarar nan mai huda kunne. A gangar jikinsa ake riƙe makirufo, kuma ba a nuna kansa ga lasifika.