Me ke kashe mana wayoyi? Tambayoyin da ake kawo min teburin gyara a Nima

Teburina na gyaran waya yana bakin babban titin unguwar Nima a Accra, tsakanin mai koko da ƙosai da wani tela. Daga hantsi zuwa bayan isha'i nan nake zaune, sai ranar da na gangara Circle, inda kasuwar wayoyi take, sayen kayan gyara. Kusan duk wanda ya miƙo min waya da magana ɗaya yake farawa: "Ta lalace." In na buɗe, sau da yawa sai in tarar wayar lafiyarta ƙalau. Abin da ake soka mata, ko inda ake ajiye ta, shi ne ya jikkata ta. Ga tambayoyin da suka fi yawa, da amsar da nake bayarwa in babu layi a bayan mutum.

Da farko wayata tana kwana da caji, yanzu kafin la'asar ta mutu. Sun canja min batir ne?

Ba lallai ba. Batirin waya irin na litiyam ne, kuma tsufa yake yi ko ana lallaɓa shi. Kowane cikawa da ƙarewa yana ɗan rage masa ƙarfi. Kamfanin Apple da kansa ya ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an yi su ne su riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsu bayan cikakken caji 500. To ka lissafa: mai cika waya kullum, a shekara ɗaya da 'yan watanni ya kai wannan adadin.

Amma abin da ya fi cin batir a garin nan zafi ne. Kamfanin ya ce zafin da ya wuce digiri 35 yana iya nakasa batir har abada. A watan Fabrairu da Maris, iskar Accra kanta ta haura 30 da rana. Sai direban trotro, motar hayar nan, ya kife wayarsa a gaban gilashin mota, rana na dukanta, caja na jone, ga waƙa na tashi. Wani kuma ya jona ta ya tura ƙarƙashin matashi ya yi barci a kai. Wannan ba caji ba ne, gashi ne.

In ka ga bayan wayar ya ɗaga, ko gilashin ya fara rabuwa da jikinta, batirin ne ya kumbura. Kar ka danna shi, kar ka ɗaure da roba kamar yadda wani ya kawo min tasa. Kashe ta ka kai a cire, domin yana iya kamawa da wuta.

Caja ai caja ce. Me zai sa in sayi mai tsada alhali ga mai araha a tire?

Wata Hajiya daga Maamobi ta zo min wata safiya, waya ƙunshe a bakin mayafi, ta ajiye a teburi kamar mai ajiye garwashi. Ta ce, "Ɗana, wayar nan ba ita kaɗai ba ce. Da dare in na sa ta a wuta, da kanta take buɗe abubuwa. Jiya har sirikina ta kira." Ta riga ta je wurin malami an yi mata tofi a kai. Na jona da cajata, waya ta zauna lafiya lau. Na ce, "Hajiya, ina cajarki?" Ta ciro daga jaka, wata fara, marar nauyi kamar kwalin ashana. Ina jonawa sai gilashi ya fara rawa, hotuna na buɗe kansu a gabanmu. Ta dafe ƙirji ta yi salati, daga baya ta yi ta dariya har da hawaye.

Ga abin da ke faruwa. Wutar bango a Ghana volt 230 ce, mai kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa. Waya kuwa volt 5 take so, a natse, ba tangal-tangal. Aikin caja ke nan, ta sauko da wutar ta tace ta. Caja ta jabu an cire mata kayan tacewar don ta yi araha, sai wutar ta shiga waya da hayaniyarta, gilashin da ke jin taɓin yatsa ya ɗauka ana taɓa shi. Wannan ma mai sauƙi ne. Wasu babu isasshiyar tazara tsakanin ɓangaren 230 da ɓangaren 5 a cikinsu, ranar da suka haɗu kuwa sai abin da Allah ya yi. Araha ba ta ado. Kuma kar nauyi ya ruɗe ka, na taɓa fasa wata na tarar da guntun ƙarfe an manna a ciki don kawai ta yi nauyi a hannu.

Wani abu kuma: kafin ka ce bakin cajin wayarka ya mutu, haska shi da tocila. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna dunƙulewa a ciki har caja ta kasa shiga sosai. Tsinken sakace ya isa, a hankali, waya a kashe. Ban da allura. Wannan aikin har kunyar karɓar kuɗinsa nake ji.

An ɗauke wuta an dawo da ita, talabijin ta ƙi tashi. Me ya haɗa su?

Kalmar dumsor da muke kiran ɗauke-ɗauken wutar nan da ita daga yaren Twi take, ma'anarta kashewa da kunnawa. Wanda ya zauna a Accra a 2015 ba sai an yi masa bayani ba. Ɗaukewar ba ta fiya ɓarna ba, dawowar ce. A daidai lokacin da wuta ta dawo takan zo da tsalle na ɗan ƙanƙanin lokaci, ya wuce abin da kayan ke iya ɗauka. Ni ma a shekarar na yi asarar talabijin. Yara na ihun an kawo wuta, ni kuma ina jin ƙauri daga falo.

Da zarar an ɗauke, zare abin da ke da tsada daga bango, ka bar ƙwan fitila ɗaya a kunne ya sanar da kai. In ta dawo, ba ta 'yan mintoci. Firji ya fi kowa buƙatar wannan, domin injinsa ba ya son a tashe shi nan take bayan ya tsaya. Akwai ɗan abin da ake sa masa a soket, mai jinkirta wutar kafin ya sake ta, kuma kuɗinsa bai kai na sabon inji ba ko kusa. Wuta mai rauni, irin wadda fanka ke juyawa kamar mai jin barci, ita ma tana ƙona injin firji. Wannan aikin sitabilaiza ne, na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta.

Yayana ya aiko min injin aski da na niƙa daga Bronx ta Amurka, ina jonawa suka yi hayaƙi. Jabu ya saya?

Yayanka bai cuce ka ba. Wutar Amurka volt 120 ce, tamu kusan ninki biyu. Ɗan fulogin da ka saya don ƙafafun su shiga soket ɗinmu mai baki uku, siffar ƙafa kawai yake canjawa, ba ya rage wuta ko kaɗan. Juya kayan ka karanta ƙananan rubutun da ke jiki. In ka ga 100–240V, jona abinka, haka yawancin cajojin waya da na kwamfuta suke. In 120V kaɗai ka gani, sai da taransifoma mai sauko da wuta. Kayan Ingila ba su da wannan matsalar, wutarsu da soket ɗinsu irin namu ne.

In waya ce za a aiko, ka ce ya tabbatar ba a kulle take da kamfanin layin can ba. In ba haka ba, ka sa layinka ta ƙi gani.

Fawa bank ɗina an rubuta 10,000, batirin wayata 5,000. Me ya hana shi cika ta sau biyu?

Lissafin ba haka yake tafiya ba. Batirin cikin fawa bank volt 3.7 ne, sai an ɗaga shi zuwa 5 kafin ya bi igiya, wayar kuma ta sake sauko da shi. A kowane mataki wani abu na tafiya a zafi, shi ne ɗumin da kake ji a hannu. In ka samu cika ɗaya da kusan rabi, ba a cuce ka ba. Wanda aka cuta shi ne mai ɗauke da wani ɗan mitsitsi kamar sabulun otal an rubuta 50,000 a jiki. Na gaskiya mai 10,000 ma nauyinsa ya kai wajen giram 200.

Kullum sai ta ce wuri ya cika, ni kuwa ban sa komai ba.

Ba ka sa ba, an sa maka. Guruf ɗin masallaci, na 'yan makaranta, na dangi, na bikin da aka gama tun bara ba a rushe ba. Kowa na turo bidiyon wa'azi da hoton furen barka da Juma'a, WhatsApp kuma na saukewa da kansa in ba ka hana shi ba. Shiga saitinsa, sashen ajiya da data, ka kashe saukewar kai tsaye, sannan ka duba manyan fayilolin da zai jera maka. Wani bidiyon za ka gan shi sau huɗu daga guruf huɗu.

Sai ka ce to bari in sayi memori. A nan ma a yi hattara. Akwai na jabu da aka shirya ya nuna wa waya babban wuri alhali cikinsa kaɗan ne. Zai yi ta karɓar hotuna ba musu, yana rubuta sabo a kan tsoho. Ranar da ka nemi hotunan sunan ɗanka sai ka ga ba sa buɗuwa, kuma ba mai gyaran da zai dawo da su.

Data fa? Na saya da safe, kafin magariba ta ƙare.

Kafin ka zagi kamfani, buɗe saitin wayarka, akwai inda take nuna manhajar da ta ci nawa. Galibi bidiyon da ke kunna kansu a Facebook da TikTok ne, da manhajoji masu sabunta kansu a ɓoye. Wani lokaci kuma ƙaninka ne da ka taɓa buɗe wa intanet ɗinka, har yau wayarsa na tuna lambar.

Ta faɗa ruwa. In binne ta a shinkafa?

Bar shinkafa a dafa waakye, shinkafa da wake. Ba ta jawo ruwan da ke can ciki, ƙurarta ma shiga bakin caji take yi. Kashe wayar, cire layi, kar ka kuskura ka jona ta a wuta don ka gwada, ka kai a buɗe a busar a ranar. Ruwan kwatar Nima lokacin damina ba ruwa kaɗai ba ne, yana cin ƙananan ƙarafan ciki da sauri.

An kira ni an ce an turo min kuɗi bisa kuskure, har saƙon na gani.

Saƙon daga lambar mutum ya zo, ba daga kamfani ba. Tun da MTN ta fara MoMo, tura kuɗi ta waya, a 2009 aljihunmu ya koma cikin waya, ɓarayi kuma suka biyo shi. Kashe kiran, danna *170# ka duba kuɗinka da kanka. Lambar sirrinka ba ma'aikacin da zai tambaye ka ita. Haka lambobi shida da WhatsApp ke turowa: wanda ya ce ka karanto masa don a sa ka a wani guruf, asusunka yake so ya ƙwace ya roƙi danginka kuɗi da sunanka. Hukumar tsaron intanet ta Ghana tana karɓar ƙorafi a lamba 292.

Ina so in sayi ta hannu a Circle. Me zan duba?

Ni ma an taɓa yi min, ina saurayi. Wani ya tare ni a kan hanya kusa da Tip Toe Lane, ya nuna min waya tana ƙyalli, yana waige-waige, ya faɗi kuɗin da ko rabin nata bai kai ba. Na biya, ya mayar da ita kwali a gabana, ya shige cikin mutane. Sai da na zauna a mota na buɗe: guntun tayil ne an naɗe da takarda. Kwana biyu ban faɗa wa kowa a gida ba.

Saya a wurin mai shago, wanda za ka iya komowa gobe ka same shi, kuma ka karɓi rasit. Danna *#06#, lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ka gwada ta da ta jikin kwali. Sa layinka ka yi kira, ka ɗauki hoto, ka jona caji. Abu mafi muhimmanci, a goge wayar a gabanka a sake tashinta. Tun 2013 iPhone ba ta buɗuwa bayan gogewa sai da asusun iCloud na mai ita na farko, Android ma ta bi sahu a 2015 da asusun Google. An yi haka ne don maganin ɓarayi, kuma na yarda da shi.

Sai dai ba ɓarayi kaɗai yake kamawa ba. Wani dattijo maƙwabcinmu ya manta zanen buɗe wayarsa, wani yaro ya goge masa ita, ta tashi tana neman asusun Google. Na ce, "Baba, wa ya buɗe maka asusun?" Ya ce ɗansa ne, ranar da ya saya masa. "Ka san kalmar sirrin?" Ya ce, "Ni na san wata kalma? Shi dai ya daddanna ya miƙo min." Layin da aka haɗa da asusun ma na ɗan ne, ya rufe tun lokacin da aka ce kowa ya haɗa layinsa da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ɗan kuma yana Libiya. Wayar tana cikin durowata wata na uku ke nan. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci Baba yakan tsaya ya ce ɗan nasa bai kira ba tukuna, ya sa in ciro ta ya duba, ya goge gilashin da hannun rigarsa, ya miƙo min in mayar.