Yadda Ake Kawo Madogara a Kundin Digiri da Aikin Jinga

Wane lokaci ne dole a ambaci madogara?

Duk inda ka ɗauko ra'ayi, alƙaluma, taswira ko jadawali daga aikin wani, ko da ka sake faɗin maganar da kalmominka. Nan ɗalibai suka fi zamewa: suna ganin in sun juya jimla ta zama tasu. Kalmomin naka ne, tunanin na mai shi ne. Abin da kowa ya sani, kamar samun 'yancin Nijeriya a 1960, ba ya bukatar madogara.

Wane salo zan bi?

Wanda sashenku ya tsara. Tambayi mai duba aikinka tun kafin babi na ɗaya. Fannonin ilimi da zamantakewa sun fi amfani da salon APA na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wanda bugunsa na 7 ya fito a 2019, masana tarihi kuma sun fi son salon Chicago mai bayani a ƙasan shafi. Kada a gauraya biyu.

Yaya tsarin APA yake?

A cikin rubutu, sunan ƙarshe da shekara: (Yahaya, 1988). In ka kwafo kalma da kalma, sa alamar zance, ka ƙara lambar shafi. Abin da ya kai kalma 40 a ware shi sakin layi daban, a tura shi ciki, ba alamar zance. Marubuta uku ko fiye, a rubuta na farko sannan "da wasu". Mutum ɗaya mai aiki biyu a shekara ɗaya, 2019a da 2019b.

A manazarta kuwa, wato jerin madogarai na ƙarshen aiki, ana jerawa bisa haruffa: Yahaya, I. Y. (1988). Hausa a rubuce: Tarihin rubuce-rubuce cikin Hausa. Northern Nigerian Publishing Company. Bugu na 7 ya daina sa garin da aka buga littafi. Maƙalar mujalla tana bukatar kundi, fitowa, shafuka da lambar DOI (lambar gano maƙala a intanet) in akwai.

Na ga maganar wani a littafin wani, ban ga asalin ba. Yaya zan yi?

Nemi asalin tukuna. In bai samu ba, rubuta cewa wane ya faɗa kamar yadda wane ya ruwaito, ka sa wanda ka karanta kaɗai a manazarta. Jera littafin da ba ka taɓa buɗewa ba yaudara ce, kuma in mai ruwayar ya yi kuskure, kai ma ka gaje shi. Malaman hadisi sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba sa wasa da isnadi.

Hira da dattawa fa?

APA na ambatonta a cikin rubutu kawai, da suna da kwanan wata. Sassan tarihi da na Hausa sukan so jerin waɗanda aka yi hira da su daban, da shekarunsu da wurin hirar. Rubuta waɗannan a ranar, don bayan wata shida ba za ka tuna ba.

Zotero da Mendeley sun wadatar?

Waɗannan manhajoji na tsara madogara suna rage wahala, amma abin da ka zuba musu shi suke fitarwa, kuma sukan juya sunayen Hausawa. Kafin miƙa aiki, bi kowane suna na cikin rubutu ka tabbatar yana manazarta, da shekara iri ɗaya.